Gaisuwar Ministar Koke

Shekara uku ke nan dabbobi na ɓacewa a Dajin Gwarmai, amma a takardar gwamnati ko ɗan tsako bai taɓa ɓata ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sarki Zaki ya buɗe Ma'aikatar Jin Koke, ya damƙa ta a hannun Kura, ita kuwa ta fito da tsari: duk mai ƙara sai an gaisa da shi tukuna, Ungulu na gefe da alƙalami.

"Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya iyali?" "Lafiya lau." Shi ke nan, an rubuta, an buga hatimi. Wanda ya ce iyalinsa lafiya lau, da wane bakin zai dawo ya ce an ɗauke masa ɗa?

Duna tsohon kare ne, ɗan sandan ciki a da. Hancinsa ne ya ja masa: duk sawun da ya bi sai ya dire a ƙofar ma'aikatar nan. Likitan fada ya duba shi, ya rubuta cewa mura ta dindindin ke damunsa, aka sallame shi. Ya tattara ya koma Unguwar Tumaki, inda ya ga abin da ya ɗaure masa kai. A nan duk wanda ya ɓace yakan bar inuwarsa. Inuwar na fita kiwo, tana zuwa rafi, maƙwabta na gaishe ta ba ko kunya.

Wata safiya Gwamma, tunkiya mai ɗa ɗaya tak, ta yi sallama a ƙofarsa, 'yar ƙaramar inuwa na biye da ita.

"Malam Duna, ka taimake ni. Ɗana Ɗanliti ne, tun jiya ban gan shi ba. Ga inuwarsa nan, amma inuwa ba ta shan nono."

Duna ya ɗaga hanci sau ɗaya, ya sauke. Tausayinta ya kama shi sosai.

"Gwamma, ɗanki na cikin tumbin Minista Kura. Da ransa, don ita haɗiya take, ba ta da lokacin tauna. Doka ta ce in koke ya shiga takarda gaban Sarki, dole ta amayo shi. Yau akwai zaman fada. In ta ce yaya yara, ki ce ba lafiya ba."

"Subhanallahi! In dubi babba in ce haka? Ai ba haka uwata ta rene ni ba."

Har azahar suna gwaji. Sau goma sha yana gaishe ta, sau goma sha bakinta na kufcewa da lafiya lau. Duna ya gaji ya ce, "To ki yi shiru kawai. Shiru dai kin iya."

A fada, Kura ta miƙe tana shafa tumbi.

"Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin jagorancinka nagari, talakawa da bakinsu sun shaida cewa ba gajiya. Wannan gwamnati ta sa su a zuciya, wasunsu ma ta sa su can ciki fiye da haka. Kuma insha Allahu za mu ci gaba da jawo kowa a jika, ba tare da nuna bambanci ba."

Aka yi tafi. Aka kira Gwamma. Kura ta washe haƙora.

"Baiwar Allah, sannu da zuwa. Yaya yara?"

Gwamma ta datse baki. Ungulu ta duba takarda sama da ƙasa, babu gurbin rubuta shiru. Fada ta yi tsit irin wanda ba a taɓa yi ba. A cikin tsit ɗin nan kowa, har Sarki, ya ji wani siririn kuka na fitowa daga tumbin Minista.

Kura ta fara zufa. Duna ya miƙe, wutsiyarsa na kaɗawa karo na farko cikin shekara uku. Saura kalma ɗaya koke ya shiga takarda.

Amma uwa uwa ce. Gwamma ta ruga, ta kafa baki a tumbin Kura, ta ƙwala kira.

"Ɗanliti! Kana lafiya?"

Duna ya runtse ido.

"Lafiya lau, Inna," in ji muryar. "Ina wuni?"

Ungulu ta rubuta, ta buga hatimi. Sarki Zaki ya gyaɗa kai, ya dubi fadawansa.

"Kai, yaron nan akwai tarbiyya. Wa ke da koke na gaba?"