Motar Kapiten Mai Ƙafa Biyu

"Motar da za ta gagare ni, wallahi ba a ƙera ta ba tukuna!"

Waƙar Bawa Injiniya ke nan kullum safiya a tashar Matameye. Aboki, in ka ji shi yana bugun ƙirji sai ka rantse cikin inji aka yanke masa cibiya. Alhali cirani uku ya yi a wani gareji a Kano, aikinsa wanke noti da kalanzir. Ya dawo da riga mai aljihu tara da sifana guda, ya naɗa wa kansa injiniya.

Shekarar nan damina ta yi rowa, gero ya bushe a tsaye. Sojoji kuma suka karɓi mulki, suka turo mana wani Kapiten ya kula da rabon hatsin taimako. Ya zo da tsohuwar mota kat-kat mai canza giya da kanta, irin wadda ba mu saba da ita ba. Tana cikin tafiya sai ta yi gurnani ta tirje, can kuma ta zabura kamar jakin da aka tsikara. Ran nan ta zabura har hular Kapiten ta faɗo gaban mata masu layin hatsi, aka yi dariya ciki-ciki. Soja kuwa yana yafe komai ban da wannan.

Aka kirawo Bawa.

"Gobe zan je Kance tarbar manya," in ji Kapiten. "Ka gyara ta, buhu biyu na gero naka ne."

"Ranka ya daɗe, ka ɗauka an gama!"

Buhu biyu! Gidan Bawa kwana tara ke nan ana cin dusa da ganyen tafasa. Tun bai taɓa motar ba ya aika wa matarsa Shekara ta wanke turmi, maƙwabta kuma su shirya ƙorai.

Gogan naka ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ƙirga abin takawa. Biyu. Ya sake ƙirgawa, ya ɗago yana salati.

"Ranka ya daɗe, an yi maka sata! Kowace mota ƙafa uku gare ta. Ina kuloci?"

Kofur ɗin da ke tuƙa ta ya ce, "Haka ta zo, ba ta da shi."

"Ji ɓarawo da bakinsa! Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin murhu da dutse biyu?"

Kapiten, wanda iyakar saninsa da mota kujerar baya, ya ga hujja ta tsaya. Ya sa Kofur tsallen kwaɗo cikin rana.

Bawa sarkin sani ya shiga ƙarƙashi, ya kwance noti, man giya ya zubo ja wur.

"Kun gani? Mai ya ruɓe har ya koma zoɓo! Wane mai ne ja in ba manja ba?"

Kofur yana haki ya ɗaga murya, "Nata ke nan! Raguwa kawai ya yi, a ƙara mata!"

"Yi tsallenka, malam, bar wa masu aiki aikinsu."

Ya tsiyaye shi tas, ya ɗura baƙin mai mai kauri daga gwangwaninsa. Ya tayar da ita, ta yi taku goma ta tsaya. Ya ba ta wuta, ta yi kuka. Ya ƙara, ƙauri ya cika wuri, inji ya mutu. Ya yi ta murza makulli har batir ya ce ga garinku nan.

"Ai ta warke," in ji Bawa, gumi na zuba. "Turi kawai take so."

Kapiten ya ce duk namijin da ke layin hatsi ya ajiye buhunsa ya tura. Mutum talatin, ciki ba komai, suka kama. Daga ofis har hanyar Tsauni suna turi suna nishi, Bawa na ciki yana taka ƙasan mota inda babu komai yana ihu, "Ku ƙara! Saura kaɗan!" Irin wannan mota kuwa ko Makka ka tura ta ba ta tashi da turi. Da aka shiga rairayi, jama'a suka zube, mota ta kafe.

Washegari Kapiten ya tafi Kance a bayan babur ɗin malamin gona, yana riƙe da hula da hannu biyu. Kafin ya tafi ya ce a jawo motar tasha a ɗora ta a babbar mota zuwa Damagaram. Duk garin shanun Cha'ibu mai amalanke kaɗai suka rage da ƙarfin ja. Cha'ibu ya ce shi ladansa gero, Kapiten ya nuna masa buhu biyun nan.

Aka ɗaura igiya, aka ɗora gero a amalanke, aka zaunar da Bawa a sitiyari. Hanyar tasha kuwa ta ƙofar gidansa ta bi. Ga Shekara tsaye da turmi a wanke, ga maƙwabta da ƙorai, ga 'ya'ya sun zuba ido. Ni dai 'ya'yan nan sun ba ni tausayi, uban kuwa ko kaɗan.

Shekara ta dubi gero yana wucewa, ta dubi ramammun shanu, ta dubi mijinta yana neman shigewa ƙarƙashin kujera. Ta rangaɗa guɗa.

"Sannu da aiki, Injiniya! Lallai ka gyara ta. Yau ba ta kuka, ba ta zabura, ko mai ba ta sha sai harawa!"