Rasuwar Tsohuwa, Mai Tsaron Shafuka Arba'in da Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Malam Tanko Bello, mai shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda unguwa ta sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata, ƙarfe biyu da kwata na rana, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta shigo Kano cikin kayan gwanjo a shekarar 2007. Ba ta da sauri, amma ba ta mantuwa. A cikinta akwai manhajar karanta RSS, wadda Malam Tanko ya ɗora wa tsaron shafukan intanet arba'in da uku: na jami'o'i, na kwalejoji, na ma'aikatu da jaridu. Ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Duk shafin da ya saka sabon abu, kanun labarin zai iso gabanta da kansa, ta ce "ting". Shi kuma ya ɗauki alli ya kwafe a allon ƙofar shago. A wannan allon ne Maman Tobi, mai sayar da kayan masarufi, ta ga gurbin aikin da ɗanta yake kai yau.

Kulawa ce ta yi ajalinta. Kullum idan an tashi daga aiki, Malam Tanko yakan lulluɓe ta da zanen gado mai kauri, kamar yadda ake yi wa talabijin a falo. Ranar Litinin ya lulluɓe ta tana kunne, cikin zafin Afrilu, an kuma yi rashin sa'a ba a ɗauke wuta ba. Da safe fankarta tana ta "wuuu". Da rana ta ce "ƙit, ƙit", ta yi shiru. Chukwuka, mai gyara a Tarauni, ya buɗe cikinta, ya sansana, ya mayar da murfin. Jerin shafukan, da ba a taɓa rubuta shi a takarda ba, ya tafi da ita.

Ta bar madannai mai ɓallallen harafi, da linzami, da allon da ba a rubuta komai a kansa ba tun Talata. Ta kuma bar Husaina, 'yar Malam Tanko, wadda ke jiran jerin sunaye daga kwalejin koyon aikin jinya. Kwalejin ba ta faɗi ranar da za ta saka shi a shafinta ba. Kwana biyu kacal take bai wa duk wanda aka ɗauka ya kai takardunsa. Wanda ya makara, an ba wani gurbinsa.

Malam Tanko yanzu yana leƙa shafin a waya duk bayan minti goma. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. Jiya, a kwamfutar aro, ya buga wa wani takardar haya da sunan kwalejin a samanta.

'Yan jari-bola za su ɗauki gawar ranar Asabar bayan La'asar. Ana karɓar gaisuwa a bencin ƙofar shago. Iyalai suna roƙon kada a kawo abinci. A zo da waya mai caji da data. Za a ba kowa awa ɗaya ya tsare shafin kwalejin. Ba za a tashi zaman makoki ba sai wani ya ga sunan Husaina Tanko.