Laccar da Na Yi a Zaman Makokin Malamina

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun malamina ba. Farfesa Isiyaku shi ya duba aikina na digirin digirgir a fannin lissafi, kuma da Allah ya yi masa rasuwa, aka kai shi ƙauyensu da ke bayan Danja. Daga Funtuwa na hau acaba, na isa da hantsi, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun zauna jugum.

Bayan na yi gaisuwa, sai yayan mamacin, Alhaji Mamman, manomin dawa da auduga, ya matso kusa da ni.

"Malam, an ce kai ne babban ɗalibinsa," in ji shi. "Inna tana ciki, ta tsufa, tun jiya take tambayata wane aiki ɗanta ya ƙare rayuwarsa a kai. Mu dai mun san lissafi ne. Ka faɗa mini abin da zan kai mata."

Tambayar ta taɓa mini zuciya. Sai dai ni mutum ne da in aka taɓo aikin nan, ba ni da birki (matata ta daɗe da sanin haka, har ta daina tambayata yaya aiki).

Na ɗauki karan dawa, na fara zane a ƙasa. Na ce su ɗauka hanya ce doguwa mai tudu da kwari iri ɗaya suna maimaita kansu, kamar kunyoyin gona. Igiya mai kaɗawa in za ta bi wannan hanya, akwai ƙarfin da za ta wuce da shi, akwai wanda ba za ta wuce ba, shi ya sa amsoshin ke fitowa gaɓa-gaɓa a kan miƙaƙƙen layi, da giɓi a tsakaninsu. Zuwa nan wasu har suna gyaɗa kai. Da na tsaya a nan, da na tsira da mutuncina.

Ban tsaya ba. Na ce Farfesa bai gamsu da tudu na zahiri ba, ya auna shi da lambobi masu ɓangare biyu, na zahiri da na ƙiyasi. A nan gaɓoɓin sukan sauka daga layi, su lanƙwashe kamar baka, wani lokaci su haɗu a wuri guda, kuma a mahaɗar ne lissafin da aka saba yake rushewa. Na miƙe tsaye. Na sa wani dattijo ya janye takalminsa don in sami filin zane. Muryata ta koma irin ta ɗakin lacca.

Ashe wata tawaga ta iso daga Malumfashi ta zauna a bayana, ban gani ba. Kowa ya san al'ada: in baƙi suka zauna, liman zai ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a. Ni kuwa ta gefen ido na hango hannu a sama. Ko juyowa sosai ban yi ba, na nuna shi da karan dawar na ce, "Riƙe tambayarka tukuna, bari in gama wannan."

Na waiwaya, na ga Liman da tafukansa biyu a buɗe, jama'a duk sun ɗaga nasu, ni kaɗai ke tsaye da kara a hannu. Na hana a yi wa malamina addu'a a ƙofar gidan ubansa. Na sulale na zauna, gumi na bin bayana. Ban san abin da aka roƙa ba, amin kawai nake ta jerawa har bayan kowa ya shafa.

Da na tashi tafiya, Alhaji Mamman ya rako ni bakin hanya. Na soma ba shi haƙuri, na ce na ɓata taro, kuma ban ba shi abin da zai kai wa Inna ba.

"Wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba," ya ce, idonsa ya ciko. "Amma haka yake yi in ya zo hutu. Ya ɗauki kara, ya yi ta zane, tuwo ya huce, Inna na kira bai ji. Zan ce mata ya bar wani irinsa."

Kuka ya ƙwace mini a nan, gaban masu acaba.

Na koyi cewa ba kowane hannu da aka ɗaga ne yake jiran amsata ba. Har yau in ɗalibi ya ɗaga hannu a aji, sai na duba na tabbatar hannu ɗaya ne ba biyu ba, kuma kafin in ba shi dama nakan ce a zuci, Allah ya jiƙan Malam.