Malam Barau Mai Wanke Kuɗi

"Ni fa a garin Dutse ba a tambayata katin shaida. Duk wanda bai san Barau ba, to jiya ya sauka a tasha!"

Haka Malam Barau ya faɗa a bencin Ɗan'inna mai shayi a unguwar Takur, yana kaɗa ƙafa, yana shan shayin da ba madara. Kada ka zaci wani kwamishina ne. Masinja ne da ya yi ritaya, aikinsa ɗauko fayil daga wannan tebur ya kai wancan, amma in ya fara labari sai ka rantse shi ya ciro Jigawa daga Kano da hannunsa.

Ɗan abin da aka tara masa na fansho bai taka kara ya karya ba, iyakacinsa bandir biyu na kwanon rufi da kuɗin kafinta. Rufin ɗakinsa kuwa ya tsage tun bara, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Matarsa Laraba ta ce, "Malam, don Allah ka je ka karɓo, ka rufe bakinka ka rufa mana ɗaki."

Gogan naka ya zura babbar riga, ya nufi ofishin masu fansho. Ya tarar da wata ma'aikaciya, Malama Afra'u.

"Baba, sunanka?"

"Alhaji Barau Takur."

Ta duba katinsa na ɗan ƙasa. "Nan Barau Muslim na gani. A wajen aiki kuma Barau Kiyawa. Wanne ne kai?"

"Duka ni ne, 'yata. Muslim ubana, Kiyawa inda aka sa ni makaranta, Takur inda nake haskakawa. Babban mutum ai suna ɗaya ba ya ɗaukarsa."

"Alhajin fa?"

"Wannan na niyya ne."

Ta tura shi kotu ya rantse cewa shi ne shi. Mutumin da duk Dutse ta sani, sai ga shi a layi cikin rana yana jiran a buga masa hatimi a kan cewa Barau Barau ne. Da ya koma benci ya ce alƙali ne ya nemi shawararsa.

Ya dawo ofis da takardar kotun, komai ya daidaita, saura tambaya ɗaya. Afra'u ta ce, "Baba, ban da fanshon nan kana da wata hanyar samun kuɗi? Ƙa'ida ce, kowa muna tambaya."

"A'a" kawai ake nema. Ko jinjiri zai iya. Amma tsofaffin abokan aikinsa na zaune a bayansa sun kasa kunne, shi kuwa uban 'yan cika-baki ya gwammace a zare masa haƙori da ya ce ba shi da shi a gaban mutane.

"Hanya ɗaya kike tambaya ko hanyoyi? Akwai garken shanu a wajen Fulani. Akwai tireloli a hanyar Legas. Akwai mutanena na Jidda da ke aiko da dala. Wannan canjin da na zo karɓa na goro ne."

Ta ajiye biro. "Dalar ta wane banki take shigowa?"

"Banki? Mu tamu a buhu take zuwa."

"To Baba, dole a dakatar da kuɗinka. Masinja mai dala a buhu, doka ta ce sai an yi binciken wanke kuɗin haram."

Kana zaton ya tsorata? Ina! Har da sassarfa ya koma Takur. "Jama'a, kun taɓa jin an tuhumi talaka da wanke kuɗi? Wannan tuhumar manya ce. Yanzu ni da masu mulki layinmu ɗaya!"

Ɗan'inna ya ce, "Allah ya ƙara girma. A sa madara yau?"

"Bar shi haka, likita ya hana ni."

Ruwan farko ya sauka, ya jiƙa katifa, ya jiƙa buhun gero. Laraba ta dire masa tuwo da ƙarfi. Washegari ya lallaɓa ofis, ya sunkuya ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, maganar ran nan wasa nake."

"Baba, ɗaga murya, ban ji ba."

Ya waiga, ya ga mutane. "Na ce... yaya aiki?"

"Lafiya lau. Maganarka ta riga ta wuce sama. Jami'i zai zo gida ran Alhamis ya ga dukiyar da idonsa."

Mai hankali zai bar ɗakin yadda yake, a zo a ga tsiya a sallame shi. Malam Barau kuwa aro ya shiga. Ya ɗauko talabijin ɗin Ɗan'inna, ya roƙo kafet da kujerun kushin na maƙwabciyarsu Iya, waɗanda ta tanada wa 'yarta.

Laraba ta riƙe haɓa. "Malam, talaucinka mutumin nan zai zo gani, shi ne kaɗai zai cece mu. Kai kuma kana ɓoye shi?"

"Ke ba ki san harkar gwamnati ba. Baƙo daga sama zai zauna a tabarma? A ce me a gari?"

Ran Alhamis jami'in ya iso, wani siririn saurayi mai suna Saifuddeen. Rabin Takur ta taru a ƙofar gida don ganin yadda ake binciken manya. Ya zauna a kushin, ya shafa kafet, ya dubi talabijin.

"Baba, duk wannan da albashin masinja?"

Barau ya gyara hula. "Kaɗan ka gani."

Saifuddeen ya fara rubutu, Laraba ta fara salati. Ana cikin haka sai aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ya buɗe baki ta ko'ina. Ɗan'inna ne ya fara faɗowa ɗakin.

"Talabijin ɗina! Wallahi in ruwa ya taɓa shi ko fanshonka ba zai biya ba!"

Iya ta biyo shi da 'ya'yanta. "Tashi, ɗan nan, kujerar auren Mu'minatu ce! Ku naɗe kafet!"

Kafin ka ce kwabo an yashe ɗakin. Aka bar attajirin Jidda da jiƙaƙƙiyar tabarma, da jami'in gwamnati a tsaye ruwa na ɗiga masa a ƙeya, Laraba na jera kwanuka a ƙasa tana tara.

"Baba, ina shanun?"

"Sun tafi mashekari."

Laraba ta ce, "Kaza ɗaya gare mu, ɗana, ita ma ba ta ƙwai."

Saifuddeen ya rufe biro, ya fito zaure inda jama'a suka fake. "Ku shaida, na wanke Baba tas. Mutumin nan ba shi da kuɗin da zai wanke, sabulun wanke rigarsa ma ban gani ba. Zan kai rahoto, haƙƙinsa zai fito in Allah ya kai mu kaka." Ya laluba aljihu, ya miƙa masa naira hamsin. "A sayi leda a rufa kafin nan."

Malam Barau ya karɓa hannu biyu, sannan ya tuna ana kallonsa. Ya ɗaga takardar kuɗin sama. "Kun gani ko? Gwamnati ta fara biyana kashi-kashi!"

Laraba ta fito da kwanon tuwo, ta zubar da ruwan da ya tara, ta kifa masa a ka.

"Riƙe da kyau, ranka ya daɗe. Kwanon rufinka na bana ke nan."