Carbin da Na Shirya wa Surukata

Maigidana yana da wata ɗabi'a. Duk tsohuwar na'urar alawa da ya ga an yar, irin wadda ake jefa wa kwabo, sai ya kinkimo ta gidanmu a unguwar Nuzla ta Jidda ya yi ta gogewa. Ni dai ban taɓa tambaya ba.

Shekarar da mahaifiyarsa ta zo Hajji daga Sudan, ganinmu na farko ke nan, na ƙudurta sai na burge ta. Na hango 'yan ƙwallaye ja da kore cikin gilashin wata na'ura, na ce ai duwatsun ado ne. Da allura ta huda su ba gardama, har yaba wa hannuna na yi. Na shirya carbi, na durƙusa na miƙa mata.

Bayan Azahar, cikin zafin nan na Jidda, sai muka ji salati. Yatsunta sun manne, sun yi kore shar, ga tururuwa sun jero a kan dardumar.

"Innalillahi! Yarinya, da me nake tasbihi?"

Maigidana ya leƙo, ya dafe kai. "Inna, cingam ne. Wallahi ya girmi aurenmu."

Har yau in na ɗauki carbi, 'ya'yana sai su ce, "Ummi, na ja ne ko na taunawa?"