Fitilar Ɗakin Iya Zinariya

"Lafiya lau, sai dai ban san da wa nake gaisawa ba. Wane dogo ne ya tare min ƙofa?"

"Mijinki ne, Iya. Har kin manta muryata?"

Abdulganiyyu ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa, Iya Zinariya, da kwali a hammata. Mai gyaran wuta ne a Haɗeja, kuma abin da ya kawo shi yau ba na wasa ba ne. Tun ambaliyar bara da aka toshe tagar ɗakin da bulo, ko da rana tsaka sai an lalubi hanya. Sau biyu tsohuwar tana faɗuwa. Kawunsa Safiyanu ya ce in ta yi ta uku, gidansa na Kaugama zai kwashe ta, ita kuwa ta ce ɗakin da ta shekara hamsin a ciki ba ta barinsa da ƙafarta.

"Miji? Wanda rabona da shi tun sallar layya? Ai ni bazawara ce yanzu, manema na nan suna layi."

"Na gan su a zaure, duk sun yi barci a kan sandunansu. Ga toshi na kawo."

Ya buɗe kwalin ya fito da fitilu biyu irin waɗanda ake ratayewa a sama, kowace da sarƙarta. Iya ta shafa babbar tun daga baki har gindi.

"Wannan ai gorar masunta ce. Garin Guri ka je ka sato? To, madalla, in ruwa ya dawo sai in hau in tsallake."

"Ita ake yayi a gidajen manya."

"A ɗakin da in na yi miƙa nake shurin bango? Ita ta ɗauki gadon, ni in kwana a waje."

A ransa ya san ta fi shi gaskiya, don ɗakin bai wuce taku huɗu ba. Ya miƙa mata ƙaramar.

"Kai kuma daga gora sai ƙoƙon shan magani. Rowa dai har a haske."

"Daidai ke. Guntuwar mace, guntuwar fitila. Tashi tsaye in auna ki."

"Likkafani za ka yanka min? Ka yi gaggawa, yaro. Sai na yi maka takaba tukuna."

"Tsayin sarƙa zan gani. Ko da yake ko a gwiwata na rataye ta, ba za ta taɓa kanki ba."

"To ɗaga ta sama, ba don ni ba, don raƙumin dawa irinka. Wannan goshin naka ya fasa ƙofa ma, balle fitila."

Ya kife turmi ya hau.

"Sauka daga turmina, ya girmi ubanka."

"Shi ya sa ya fi ki haƙuri."

Bai rataye ta a tsakiyar ɗaki ba. Ya nemi azarar da ke saitin bakin gado, inda take zama da kwandon ɗinkinta, ya kafa ƙugiya, ya rage sarƙar har fitilar ta wuce kansa da taƙi ɗaya. Ya jawo waya daga solar gidan, ya sa makunni ƙasa-ƙasa, inda hannunta zai kai ko tana kwance.

"Danna nan, amarya."

Ta danna. Ɗakin ya haske har lungun tukwane. Iya ta bi ƙasa da kallo, har idonta ya tsaya a bakin tabarma da ya naɗe kusa da ƙofa. Ta sa sanda ta danne shi.

"Ashe kai ne kake kayar da ni," ta ce a hankali. "Ka gaya wa Safiyanu ya huta da zuwa."

Abdulganiyyu ya duƙa yana tattara guntayen waya.

"Matso nan, maigida." Ta kama haɓarsa ta juya hagu, ta juya dama. "Ashe haka ka lalace? Ina cikin duhu ina ta yi wa mata alfahari da miji."

"To bari in kashe, in kwance abata."

"Taɓa ka gani."

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin gado, cike da dambun kifi, ta tura masa.

"Ungo, ka ci nasara. Ci ka yi kumatu, ko a samu a iya kallonka da fitila a kunne."