Rasuwar Keken Sadiq Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma fa ba da kai a sunkuye ba, ni Mubaraka matar Ja'afar, ta gidan marigayi Malam a Doguwa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, rasuwar keken koyon tafiya na ɗana Sadiq. Ya rasu ranar jajiberin Babbar Sallah da la'asar, a tsakar gidanmu, yana bakin aikinsa, a gaban shaidu masu yawa.

Marigayin ɗan asalin Tudun Wada ne. An haife shi a rumfar Shitu kafinta cikin azumin bana, daga ragowar katakon da aka yi wa wani benci. Ƙafarsa uku, ɗaya a gaba biyu a baya, sai sanda a gicciye inda yaro zai riƙe ya tura. Ba fenti, ba fitila, ba batir. Maganarsa duka a duniya ba ta wuce biyu ba: in yana kan daɓe ya ce "ƙii, ƙii, ƙii", in ya hau tsakuwa ya ce "gurgur". Duk da haka ya fi wasu masu dogon baki amfani a gidan nan, kuma sun san kansu.

Ga waɗanda ba su san abin da ya kawo shi ba, Sadiq sunan kakansa ya ci, wato Malam, wanda Allah ya yi wa rasuwa ina da cikin yaron. Tun ranar suna ƙafarsa ba ta san ƙasa ba. Inna, surukata, ta ce ba za a ajiye mai sunan Malam a ƙasa tana raye ba. In ta sauke shi daga cinya, Ummulkhairi ƙanwar mijina ta goya. In ta kwance goyon, wata ta saɓa shi a kafaɗa. In ya miƙa hannu wajen abu, kafin ya yi yunƙurin rarrafe an kawo masa. Har ya doshi shekara biyu, sa'o'insa suna bin kaji da gudu, shi yana zaune daram kamar tulu, sai kumatu.

Sai aka shiga neman mai laifi, kuma a gidan miji ba a yin nisa wajen wannan nema. Aka ce nonona ne ba kyau. Aka ce na ƙetare wani abu ina da ciki. Na ɗauke shi na kai asibiti, ma'aikaciyar ta lanƙwasa ƙafafun ta miƙe, ta ce lafiyarsa lau, a bar shi kawai ya taka ƙasa. Na dawo na faɗa, Inna ta ce yarinyar asibiti ba ta san wane ne Malam ba. Daga ƙarshe aka yanke magana ba da ni ba: in Babbar Sallah ta wuce bai tashi ba, Gwaggo Hajara, yayar mijina, za ta tafi da shi Riruwai ta yaye shi, ta riƙe shi can sai ya yi ƙafa. Ina tankaɗe aka faɗa mini. Ranar, tuwon gidan nan da hawayena aka tuƙa shi.

Da Ƙaramar Sallah ta matso, yayana Rufa'i ya tambaye ni wace shadda zai ɗinka wa yaron. Na ce Yaya, yaron da ba ya miƙewa, wa zai ga ɗinkin wandonsa? Ka bar shaddar, ka je wajen Shitu. Haka marigayin ya iso gidan nan a ɗaure a bayan babur, ranar da sauran yara ke yawo da tabarau na roba da motoci masu kukan jiniya.

Tarbar da aka yi masa ba zan manta ba, kuma ban yafe ba tukuna. Ummulkhairi ta kewaya shi tana dariya, ta ce ashe dangin su Mubaraka itacen girki suke bayarwa goron sallah. Inna ta ce mai sunan Malam ba zai tura baro kamar ɗan ga-ruwa ba, a kai abin bayan rumbu. Marigayin ya ji duka, bai tanka ba. Can bayan rumbun ya yi sallarsa ta farko, tare da kaji.

Mai haƙuri ne, wannan kowa ya shaida. Kullum da hantsi, in Inna ta fita gaishe-gaishe, nakan fito da shi in ɗora hannuwan Sadiq a kan sandar. Sun faɗi tare ba adadi, sun tashi tare. Bai taɓa gudu ya bar yaron ba, domin Shitu ya yi masa nauyi daidai, ba ya zarcewa sai an tura. Ba shi da son kai wajen hukunci: ya kifar da kwanon kununa, ya take wutsiyar mage, ya kuma samu Baban Sadiq a ƙwauri, mutumin da ya ce shi ba ruwansa da maganar mata. Daga wannan bugun ne ruwan nasa ya shigo.

Asirinmu bakin marigayin ne ya tona shi. Wata rana Inna ta dawo da wuri, tun daga zaure ta ji "ƙii, ƙii". Ta shigo ta tarar da gwiwar Sadiq a goge, da ƙasa har a hanci. Ta saka salati, ta ce na wulaƙanta Malam. Ni da ban taɓa mayar mata da magana ba tun da aka kawo ni gidan nan, na durƙusa na ce, Inna, ki gafarce ni, Malam ma da ƙafarsa yake zuwa masallaci, ba goya shi ake yi ba. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Ban mayar da keken bayan rumbu ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ko a ta'aziyya. Sadiq ya iya zaga gidan nan kaf da keke, amma da an zare masa sandar sai ya zauna daɓas. Da Gwaggo Hajara ta iso hutun sallah ta kalle shi ta taɓe baki, ta ce tafiyar aro ba tafiya ba ce. Har da sabon zanen goyo ta zo, ta shanya shi a igiya inda zan riƙa gani.

A lokacin marigayin ya riga ya fara jinya. Ruwan farko ya doke shi, jikinsa ya kumbura, tayar gaba ta fara ɗingishi. Baban Sadiq ya ƙara masa ƙusa, ya ɗaure wuyan da roba. Muryarsa ta dishe, "ƙii" ɗin ta koma "ƙyaa". Bai kwanta ba ko yini ɗaya.

Ajalinsa ragon layyar Inna ne, wani ƙato da aka sayo wajen makiyaya a Falgore. Sadiq ya turo keke ya kifar masa da kwanon dusa. Ragon ya ja da baya, ya tsinke igiya, ya taho. Marigayin ne ya tare ƙahon da ƙirjinsa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwas". Tayoyi suka watse, ragon ya yi hanyar zaure, sandar kaɗai ta rage a hannun yaro.

Mata suka saka ihu, Inna ta taso da hannu biyu za ta ɗauke shi. Ni kuwa na dubi yaron. Sadiq yana tsaye. Ya dubi gawar, ya dubi ragon, ya kumbura fuska, ya ɗaga sanda ya bi shi. Ba ya riƙe da kowa, ba kowa riƙe da shi. Ya wuce turmi, ya wuce randa, ya bi ta ƙarƙashin zanen goyon Gwaggo Hajara yana tangaɗi yana masifa da yarensa. Inna ta tsaya da hannuwanta a miƙe, sannan ta zauna a kan turmin ta fashe da kuka. Ta ce ku dubi kafaɗar hagun nan, wallahi tafiyar Malam ce, haka yake korar awaki daga shanya. Nan na yi nawa kukan, ban ɓoye ba.

Wanda ya yi kisan an zartar masa da hukunci washegari bayan saukowa daga Idi. Na ci hantarsa, ban ji tausayi ba.

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi biyu masu rai, da sanda ɗaya wadda har yanzu ba a iya ƙwace ta ba, da ɗa ɗaya wanda jiya aka kamo shi a ƙofar maƙwabta ba wando. Motar jiniyar da Ummulkhairi ta saya wa Sadiq ta riga shi mutuwa tun bayan Ƙaramar Sallah da kwana kaɗan, ba wanda ya yi mata kuka. Masu sayen kayan sallar yara su ji da kyau: ku sayi abin da yaro zai tura, ya ja, ya bi da gudu, ya faɗi ya tashi. In an yi muku dariya ku turo mini mai dariyar.

Ba za a yi wanka ba, ba za a yi sallah ba. Katako ne, ban haukace ba. Amma duk mai tunanin cusa shi a murhun suyar nama ta cire ranta, na ga inda idonta yake. Za a binne shi ranar Asabar bayan la'asar, a bayan rumbun da aka fara kore shi. Tayoyin za a mayar wa Shitu ya sa a sabon keke domin 'yar Bushra maƙwabciyata, wadda ita ma goyo ya fara yi mata yawa. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, da sharaɗi ɗaya wanda Inna ce da bakinta ta kafa shi: ba mai ɗaukar Malam.

Inna ta ce ita za ta riƙo gawar, Sadiq zai shige gaba. Gwaggo Hajara kuma, in har yanzu kina son tafiya da shi Riruwai, bismillah, ga shi can. Ki kamo shi.